Fagen Kimiyya: Katin Da Ya Koya Wa Kwamfuta Rubutun Da Ba Ta Sani Ba

Ran 12 ga watan Agusta, 1981, kamfanin IBM na Amurka ya fito da wata ƙaramar kwamfuta wadda mutum ɗaya zai iya ajiyewa a kan teburinsa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ita wannan na'ura ba ta iya nuna ko da harafi guda a allo da kanta. Sai an cusa mata wani faifai mai ɗauke da kayan lantarki, wanda ake kira katin hoto, a ɗaya daga cikin gurabu 5 da ke cikinta. Shi ne tafinta tsakanin ƙwaƙwalwar na'urar da idon mai aiki.

Kati iri biyu IBM ya yi. Na farko, MDA, rubutunsa fes, layi 25 kowanne da harafi 80, amma ba ya zane. Haruffa 256 ne aka dasa masa tun daga masana'anta, ba ragi ba ƙari. Na biyu, CGA, yana zane har da launi, amma rubutunsa dishi-dishi, mai gajiyar da ido. Watau gaba kura, baya siyaki.

To, akwai wani ɗalibi ɗan ƙasar Tailan da ke karatu a Amurka, sunansa Van Suwannukul. Yana so ya yi aikin kundin digirinsa na dakta da haruffan harshensu, ga shi kuwa babu ko ɗaya cikin 256 ɗin nan. Bai zauna jiran kamfani ya tuna da mutanen Tailan ba. Sai ya zage damtse ya ƙera nasa katin, wanda ya haɗa kyan rubutun MDA da ikon yin zane. A 1982 shi da Kevin Jenkins suka kafa kamfanin Hercules suka fara sayar da shi, kafin a jima ya cika ofisoshi, musamman da manhajar lissafi ta Lotus 1-2-3 ta karɓe shi.

Mai karatu na iya tambaya, yaya ɗalibi zai yi abin da babban kamfani bai yi ba? Dalili kuwa shi ne, aikin katin hoto ba tsafi ba ne. Allon wancan zamani kamar talabijin yake: wani siririn haske ke gudu daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, tun daga sama har ƙasa, kamar yadda masaƙi ke jefa ƙoshiya zare bayan zare har ƙyalle ya cika. A allon IBM marar launi, hasken yakan gama wannan zagaye sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya. Aikin kati shi ne ya gaya wa hasken inda zai kunnu da inda zai mutu.

Abu uku ke yin wannan. Na farko rumbun ajiya, inda kwamfuta ke zuba abin da take so a gani. Na biyu mai ƙidaya, wanda ke bin rumbun bi da bi, yana kuma ba da alamar ƙarshen layi da ta ƙarshen allo. Duka katunan nan uku da guntun lantarki ɗaya suka dogara, watau Motorola 6845. Na uku agogo, wanda ke tsaida takin tafiyar. Bambancin kawai shi ne abin da ke cikin rumbun. MDA lambar harafi yake ajiyewa, sa'an nan ya ɗauko siffarsa daga waɗanda aka dasa masa, saboda haka bait 4,000 sun ishe shi. Shi kuwa Hercules kowane ɗigo yake ajiyewa da kansa: 720 a kwance, 348 a tsaye, jimla ɗigo 250,560. Wanda ya mallaki kowane ɗigo kuwa, babu harafin da zai gagare shi a duniya.

Har ila yau, IBM bai ɓoye sirrin na'urarsa ba. Ya buga littafi mai ɗauke da taswirar wayoyinta da bayanin haƙora 62 na kowane gurbi. Duk mai ilmin lantarki da ƙarfen narka dalma yana iya karantawa ya gwada sa'arsa. Sai dai akwai haɗari: in aka kuskure takin alamar layi, allon IBM 5151 na iya ƙonewa, domin ba shi da abin kare kansa.

Yau shekaru sama da 40 ke nan, kuma wannan sana'a ba ta mutu ba. Tsofaffin alluna suna ta lalacewa, ba a kuwa ƙera sababbi, don haka masu riƙon tsofaffin kwamfutoci suka koma yi wa kansu kati. Wani injiniya, Eric Schlaepfer, ya ƙera wanda ya kira Graphics Gremlin, mai kwaikwayon MDA da CGA, amma yana aiki da allon zamani, ya kuma saki taswirarsa kyauta. A 2019 Ben Eater ya haɗa nasa da 'yan wayoyi da guntayen lantarki masu araha, ya yi masa laƙabi da kati mafi muni a duniya. Duk da haka ya fitar da hoton tsuntsu mai launi, dubban ɗalibai kuwa suka fahimci abin da littattafai suka kasa fahimtar da su.

Wannan labari bai yi nisa da Bahaushe ba. Cikin haruffa 256 ɗin nan babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Shekaru da dama masu buga Hausa da na'ura suka yi suna rubuta ƙasa kamar kasa, ɓata kamar bata, ko su bi da alƙalami suna sa lanƙwasa. Yanzu tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya ba haruffan nan mazauni. Amma ba nan gizo ke saƙa ba. Matsalar ɗalibin Tailan da ta marubucin Hausa iri ɗaya ce, shi dai ya san cikin na'urar, shi ya sa bai jira kowa ba.

Saboda haka, tsohuwar kwamfutar da ke jibge a sito ko a shagon mai gyara ba shara ba ce. Kayan cikinta manya ne, ido na ganinsu, hannu na taɓa su, ba kamar na wayar yau ba. Malamin makarantar koyon sana'a da zai buɗe ta gaban yara ya nuna musu rumbu da mai ƙidaya da agogo, ya ba su abin da ya fi iya danna maɓalli. Da koyo akan iya. Allah Ya sa a dace.