Tsakanin Mai Koyarwa Da 'Yan Wasansa: Ina Gizo Ke Saƙa?

Duk wanda ya taɓa kwana a Illela ran da ake wani babban wasan ƙwallon ƙafa, ya san cewa tashi daga gidan kallo ba shi ne ƙarshen wasa ba. Da an busa tashi sai samari su koma teburin mai shayi, a buɗe sabon babi na musu har dare ya raba. Da yake kuma garin yana bakin iyaka ne, tsakaninsa da Birnin Ƙonni 'yar tafiya ce kaɗan, mutanensa suna da ƙungiyoyin ƙasa guda biyu da suke bin labarinsu, watau Super Eagles ta Nijeriya da Mena ta Jamhuriyar Nijar. Musun da ya fi yawa a irin wannan zama shi ne: wane irin mai koyarwa ne ya fi samun kan 'yan wasa? Mai zafi, wanda ba a kawo masa wargi, ko mai sanyin hali, wanda ke jan yaransa a jiki?

Wannan tambaya ba ta masu shayi kaɗai ba ce, domin kuwa ita ce ake yi a ofisoshin hukumomin wasanni duk sa'ad da za a ɗauki koci ko a sallame shi. A ganinmu, ɓangarorin biyu duk sun bar jaki suna dukan taiki. Zafi da sanyi hali ne na mutum, kowanne kuma ya taɓa ciwo kofi. Abin da ke sa 'yan wasa su bi mai koyar da su shi ne su tabbata cewa maganarsa ita ce magana, kuma wannan tabbaci ba koci kaɗai ke iya samar da shi ba. Masu ƙungiya ne ke ba shi, su ne kuma ke karɓe shi.

Bari mu fara da misalan da samarin gidajen kallo suka fi sani. Alex Ferguson ya riƙe Manchester United ta Ingila daga 1986 zuwa 2013, ya ci gasar ƙasar sau 13. An san shi da faɗa da tsare gida, kuma duk ɗan wasan da ya nemi ya fi ƙarfin ƙungiya, komai sunansa, sai ya nuna masa hanya. Haka David Beckham ya bar ƙungiyar a 2003, haka kyaftin ɗinta Roy Keane ya bar ta a 2005. A ɗaya gefen kuma ga Carlo Ancelotti, mutumin Italiya, wanda ya shahara da haƙuri da shawara da manyan 'yan wasansa, ya kuma ci Kofin Zakarun Turai sau 5 yana mai koyarwa, biyu da AC Milan, uku da Real Madrid. To, in da zafi ne sirrin, da Ancelotti bai kai ko'ina ba. In da kuma sanyi ne, da Ferguson bai daɗe ba. Abin da ake yawan mantawa shi ne, Ferguson ya yi fiye da shekara uku bai ɗauki kofi ko ɗaya ba, sai a 1990, amma shugabannin ƙungiyar ba su kore shi ba. Tun daga nan kowane ɗan wasa ya gane cewa in aka yi ja-in-ja, shi ne zai tafi, koci yana nan.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Kakanninmu fatake da suka riƙa ratsa wannan yanki da ayari sun san cewa madugu shi ne uban tafiya. Shi ke faɗin inda za a yada zango da sa'ad da za a tashi. Akwai madugu mai tsawa, akwai mai lallami, amma ba a taɓa jin ayarin da ya isa lafiya ba alhali masu dukiya suna aiko wa 'yan ayari wani umurni ta bayan madugu.

Mu ƙetara iyaka mu ga abin da ya faru a Nijar. A wasannin neman shiga gasar cin Kofin Ƙasashen Afirka ta 2012, an haɗa Mena rukuni ɗaya da Masar, wadda ta ci kofin sau uku a jere a 2006 da 2008 da 2010, da Afirka ta Kudu da kuma Saliyo. Ba wanda ya sa Nijar a lissafi. Amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A ƙarƙashin ɗan ƙasa, Harouna Doula, Mena ta doke Masar da ci ɗaya da nema a Yamai cikin watan Oktoba na 2010, Moussa Maazou ne ya jefa ƙwallon. Ta cinye wasanninta uku na gida, ta sami shiga gasar karo na farko a tarihinta, har Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka ta zaɓi Doula gwarzon masu koyarwa na 2011. Sai ga shi dab da gasar an kawo wani Bafaranshe, Rolland Courbis, a matsayin mai ba da shawara. Da Gabon ta ci Nijar biyu da nema a wasan farko, sai aka janye ragamar daga hannun Doula aka miƙa wa baƙon. Nijar ta sake shan kashi a hannun Tunisiya da Maroko, ta komo gida ba maki ko ɗaya. Ba mu ce da an bar Doula da an ciwo kofi ba. Amma mai karatu ya sa kansa a matsayin ɗan wasan da ya shekara biyu yana bin umurnin mutum, sa'an nan ran gasa ya ga wani a zaune kusa da shi. Wa zai saurara? Ba a sarki biyu a gari ɗaya.

A nan gida Nijeriya, tarihinmu ya nuna mana fuskokin al'amarin duka biyu. Clemens Westerhof, mutumin Holan, ya kama aiki a 1989. A wasansa na farko a gasar Afirka ta 1990, Aljeriya ta lallasa Nijeriya da ci 5 da 1. A wani zamanin da nan take an sallame shi. Amma yana da goyon bayan manya a gwamnati, musamman Augustus Aikhomu, mataimakin shugaban ƙasa na wancan lokaci. Aka bar shi ya yi aikinsa: na biyu a 1990, na uku a 1992, kofi a Tunisiya a 1994, da zuwa gasar Kofin Duniya karo na farko a wannan shekarar. Westerhof ba mai sauƙin hali ba ne, ya kuma sha samun saɓani da manyan 'yan wasansa, amma sun san ba su da wata ƙofa da za su bi su tumɓuke shi.

Sai a gwada wannan da abin da ya sami marigayi Shu'aibu Amodu. Sau biyu yana kai Nijeriya ga samun gurbin Kofin Duniya, na 2002 da na 2010, sau biyu kuma ana cire shi 'yan watanni kafin gasar, bayan ya zo na uku a gasar Afirka. A duka biyun Nijeriya ba ta wuce zagayen farko ba. Haka kuma a 2024 aka naɗa Finidi George, bayan wasa biyu kacal na neman gurbin Kofin Duniya, kunnen doki da Afirka ta Kudu da shan kashi a hannun Jamhuriyar Benin, hukuma ta ba da sanarwar za ta ɗauko baƙo ta ɗora a kansa. A daidai wannan lokaci ne Victor Osimhen ya fito ta Instagram ya yi masa kaca-kaca a bainar jama'a. Finidi ya ajiye aiki cikin watan Yuni. Bango ne ya tsage, shi ya sa ƙadangare ya sami wurin shiga.

Babu labarin da ya fi bayyana wannan batu kamar na marigayi Stephen Keshi, domin mutum ɗaya ne, hali ɗaya, amma sakamako biyu. Ya kai Togo ga samun gurbin Kofin Duniya na 2006, abin da ƙasar ba ta taɓa yi ba. A gasar Afirka ta farkon wannan shekara ya sami saɓani da tauraron ƙungiyar, Emmanuel Adebayor, Togo ta sha kashi a wasanninta uku, aka sallami Keshi tun kafin a tafi Jamus. Bayan shekara bakwai, yana riƙe da Super Eagles, ya sake yin irin wannan taurin kai: ya bar fitattu irin su Peter Odemwingie da Obafemi Martins a gida, ya ɗauki yaran da ke wasa a ƙungiyoyin cikin gida. An yi ta suka, amma jerin sunayensa ya tsaya yadda ya rubuta. Ɗaya daga cikin yaran nan, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddibuwa, shi ne kuma ya ci wadda ta ba Nijeriya kofi a kan Burkina Faso ran 10 ga Fabrairu, 2013. Duk da haka, kashegari Keshi ya ce ya ajiye aiki saboda zaman doya da manja da ke tsakaninsa da hukuma, sai da aka lallashe shi, sa'an nan daga baya ya yi watanni yana bin bashin albashinsa.

Wannan ya kawo mu ga maganar kuɗi, wadda ita ce ke karya kowace irin dabara. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. A 2013 'yan wasan Nijeriya sun ƙi hawa jirgi daga Namibiya zuwa Brazil a kan lokaci, saboda an rage musu ladan cin wasa daga dala 10,000 zuwa 5,000. A 2014, a tsakiyar gasar Kofin Duniya, sun ƙaurace wa atisaye kafin wasansu da Faransa, wadda ta fitar da su da ci biyu da nema. A watan Nuwamba na 2025 an sake maimaita haka a birnin Rabat na Maroko, kwana biyu kafin wasa da Gabon. An ci wannan wasa, amma aka faɗi a na gaba a hannun Kwango a bugun daga kai sai mai tsaron gida. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, koci ba shi ne ya riƙe kuɗin ba, amma shi ne ya rasa ranar aiki, shi ne kuma aka tuhuma da aka faɗi. Yaya mutum zai hukunta yaro a kan makara alhali yaron yana bin wata uku?

Masu karatunmu ma'aikatan gwamnati su lura, wannan magana ta shafe su kai tsaye. Akasarin ƙungiyoyin da muke da su a Arewa, irin su Kano Pillars da Katsina United da Sokoto United da El-Kanemi Warriors da Wikki Tourists, mallakar gwamnatocin jihohi ne. Watau takardar albashin ɗan wasa tana bi ta teburin ma'aikaci ne kafin ta zama kuɗi. Fayil ɗin da ya kwana wata guda a ofis, shi ne ke fitowa fili ran Lahadi a ga 'yan wasa suna gudu ba kuzari. Har ila yau, ɗan katin da wani babba ya rubuto cewa a sa wa yaronsa riga, shi ne ke nuna wa sauran yara cewa ba ƙwazo ke ba da wuri ba.

Akwai kuma dutse na uku a wannan murhu, shi ne kyaftin. Kano Pillars ta ci gasar ƙasa a 2008 a hannun Kadiri Ikhana, a 2012 da 2013 a hannun Muhammad Baba Ganaru, a 2014 kuma a hannun Okey Emordi. Masu koyarwa sun sauya, amma akwai tsofaffin hannu da suka zauna, irin su Rabi'u Ali wanda ya shafe fiye da shekara goma a ƙungiyar. Irin waɗannan su ne ke kai kukan yara wurin koci, su kuma kawo wa yara umurninsa cikin harshen da za su ji. Mai koyarwa mai hankali ba ya kishi da su.

Kada a ɗauka mun wanke masu koyarwa tas. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kocin da ke da 'yan lele, ko mai karɓar na goro kafin ya sa yaro a wasa, ko mai ci wa ɗan wasa mutunci gaban jama'a a kan kuskuren da za a iya gyarawa a keɓe, ya zubar da girmansa da hannunsa, kuma ba goyon bayan da zai maido masa da shi. Ikon da muke nema a ba shi amana ce, sai da adalci take zama.

Saboda haka muna ba hukumomin wasanni shawara uku. Na ɗaya, in an ɗauki mai koyarwa a rubuta masa wa'adi da abin da ake bukata gare shi, a kuma jira wa'adin ya cika kafin a yanke hukunci. Na biyu, zaɓen 'yan wasa ya zama nasa shi kaɗai, in ya gaza a san wanda za a tambaya. Na uku, a daina yi wa 'yan wasa alkawarin abin da ba a tanada ba. Gara kaɗan da ke zuwa ran da aka ce, da mai yawa da sai an yi zaman dirshan.

Yaron da ke buga ƙwallo a filin makaranta a Illela yau, mai yiwuwa gobe ya sa rigar jiha a filin Giginya da ke Sakkwato, ko ma ta ƙasa. In ya tarar da wurin da maganar malaminsa ke tsayawa, haƙƙinsa kuma ke fitowa kan lokaci, zai koyi biyayya ko da kocin mai zafi ne ko mai sanyi. In kuwa ya tarar da akasin haka, abin da zai koya shi ne neman ubangida a ofis, kuma laifin ba nasa ba ne. Allah ya sa masu riƙe da al'amarin su gyara.