Sanarwar Bayan Taro Kan Bututun Iskar Gas Tsakanin Najeriya da Nijar

Ƙungiyar 'yan kasuwa da masu ƙananan masana'antu da ke harka tsakanin Najeriya da Jamhuriyar Nijar ta kammala babban taronta a birnin Kano, inda wakilai daga Katsina da Jibiya da Maigatari da Maraɗi da Damagaram suka yi dogon nazari kan shirin shimfiɗa bututun iskar gas da zai taso daga Najeriya, ya ratsa Nijar, ya dangana da Hassi R'Mel a ƙasar Aljeriya.

Taron ya waiwayi tarihin aikin, tun daga yarjejeniyar da ƙasashen uku suka sanya wa hannu a Abuja a 2009, har zuwa sabunta alƙawarin da suka yi a birnin Aljiyas a watan Yulin 2022, kan bututu mai tsawon sama da kilomita 4,000 da ake sa ran zai riƙa ɗaukar iskar gas kubik mita biliyan 30 a shekara zuwa kasuwannin Turai. Haka kuma ya lura cewa bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020, shi ne tsanin da sauran aikin zai taka.

Mahalarta sun fi daɗewa a kan halin da masu sana'a ke ciki. A Sharaɗa da Bompai da Challawa, kuɗin man dizal na janareta ya cinye ribar masana'antu, masaƙun Kakuri a Kaduna kuwa sun daɗe da yin shiru. Mai gidan burodi a Katsina ko Maraɗi har yau da itace yake hura tanda, motocin itace da gawayi kuma kullum suna shigowa gari daga dazuzzukan da hamada ke ci. Abin takaici ne, a ganin taron, iskar gas ta bi ta ƙarƙashin gonakin mutane zuwa wata nahiya alhali matansu na girki cikin hayaƙi.

Taron bai manta da 2023 ba, lokacin da juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar ya jawo rufe iyaka da katse wutar lantarkin da Najeriya ke bai wa Nijar, tireloli suka yi jerin gwano a Jibiya da Illela, kaya suka lalace a kansu, ba a buɗe ɓangaren Najeriya ba sai a watan Maris na 2024. Takaddamar Nijar da Benin kan bututun ɗanyen mai na Agadem a 2024 ita ma darasi ce.

Bayan doguwar muhawara, taron ya cimma matsaya kamar haka:

1. Ƙungiyar tana goyon bayan aikin, bisa sharaɗin cewa al'ummomin da bututun zai ratsa su ne za su fara amfana, kuma a rubuta hakan ƙarara cikin yarjejeniya, kada a bar shi a matsayin alƙawarin baki.

2. Tana kira ga Gwamnatin Tarayya da kamfanin NNPC da su kammala bututun Ajaokuta zuwa Kano tare da tashoshin wutar lantarkin da aka tsara a Abuja da Kaduna da Kano, domin maganar tsallaka iyaka ba ta da tushe matuƙar gas bai iso Kano ba.

3. Tana neman gwamnatocin Najeriya da Nijar su ware wani kaso na gas ɗin don amfanin cikin gida, su kuma tanadi tashoshin rarraba shi a manyan garuruwan da ke kan hanya, ta yadda masana'antu da motocin haya za su same shi a farashin da mai ƙaramin jari zai iya ɗauka.

4. Tana buƙatar a biya manoma diyya kafin a sa injin haƙa a gonakinsu, da sanin hakimai da dagatai da masu unguwanni, a kuma kiyaye burtali da mashayar dabbobi.

5. Tana roƙon Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Yamai, ta jagoranci tsara ƙa'idar da za ta hana rufe bututun saboda saɓanin siyasa, tare da fayyace yadda za a riƙa biyan kuɗi, ganin yadda bashi ya sha kawo cikas ga bututun da ke kai gas Benin da Togo da Ghana.

6. Tana jan hankalin hukumomin tsaro cewa bindiga kaɗai ba ta gadin bututu. Ɗaukar matasan yankin aikin walda da tuƙi da sintiri shi ne zai sa kowane ƙauye ya ɗauki aikin a matsayin nasa.

Taron ya ɗora wa shugabannin ƙungiyar alhakin miƙa wannan matsaya ga ma'aikatun man fetur na Abuja da Yamai da gwamnonin jihohin kan iyaka, su kuma kawo rahoto a zama na gaba.

Sa hannu:
Shugaba da Sakataren Ƙungiya, a madadin mambobi