Ruwan farko da suɗaɗɗun tayoyi a kan hanyar Yamai zuwa Damagaram

Duk shekara in damana ta kama, labarin haɗarin mota yakan yawaita a kan babbar hanyar RN1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Doso, Ƙonni da Maraɗi har Damagaram. Masu kiran waya a gidan rediyo sukan ɗora laifin kan gudu da ramuka. Ba su yi ƙarya ba, amma ba kasafai ake ambaton taya ba.

Mai karatu, ƙaramar mota ba ta taɓa kwalta sai ta wurare huɗu, kowanne bai fi tafin hannu ba. Birki taya yake tsaidawa. Gogayyar roba da kwalta ce ke tsaida mota. Direban da ke gudun kilomita 100 a awa kan busasshiyar hanya yana bukatar wajen mita 55 daga taka birki zuwa tsayawa. In hanyar ta jiƙe, sai ya kusa mita 100. Kuma in gudu ya ninka, nisan tsayawa sau huɗu yake ninkawa, ba sau biyu ba.

Ruwan farko ya fi na tsakiyar damana haɗari. Watanni bakwai ko takwas na rani, man inji da ƙura suna taruwa kan kwalta. Da yayyafi ya sauka sai su kwaɓe, su zama santsi. Aikin zanen da ke jikin taya shi ne fitar da ruwan gefe. In taya ta suɗe, ruwa ya rasa mafita, sai robar ta hau kansa, sitiyari ya daina jin magana.

A nan ne batun tayoyin gwanjo ya shigo. A ƙasashen Turai doka ta hana tuƙi da tayar da zurfin zanenta bai kai milimita 1,6 ba, kuma tun kafin a kai nan masu mota ke cire ta. Irin waɗannan ne suke cika kasuwanninmu. Ban ga laifin direban da aljihunsa bai kai sabuwa ba, amma ran fasinjoji goma sha tara ya fi kuɗin taya.

Zafi kuma yana busar da roba har ta tsattsage ko zanen na nan. Shekarun taya a rubuce suke a gefenta: tun 2000, lambobi huɗu na ƙarshe bayan kalmar DOT suna nuna mako da shekarar ƙira, 2315 na nufin mako na 23 na 2015. Jandarman da ke duba takardu a shinge, durƙusawa ɗaya ta ishe shi ya karanta su, haka ma shugabannin tasha kafin a fara lodi.