RA'AYINMU: Manomin Garun Malam Na Sayen Kuɗinsa da Kuɗinsa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya tsakanin watan Janairu da na Afrilu, da zarar ya wuce Kura zai fara cin karo da kwandunan tumatir jere a bakin titi, har ya isa Kwanar Gafan cikin ƙasar Garun Malam, inda manyan motoci ke lodi su nufi Legas da sauran garuruwan Kudu. Wannan albarka ta samo asali ne daga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, da kuma hanyoyin ruwan da suka ratsa Kadawa da Kura da Bunkure, waɗanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da su. A shekarun baya cinikin wannan kasuwa lakadan ne, a ƙirga a miƙa. Yau kuwa ko'ina mutum ya waiga sai ya ga laima da ɗan tebur, da saurayi riƙe da na'urar POS. Mahukunta sun ce wannan ci gaba ne, mu ma ba mu musa ba. Abin da muke so 'yan'uwanmu ɗalibai su tsaya su duba shi ne: aljihun wa ake tatsa a biya kuɗin wannan ci gaba?

A lacca ana koya mana cewa mai saye yana da zaɓi. In ya so ya biya da tsabar kuɗi, in ya so ya biya da kati ko ya tura ta waya, kuma wai zai ɗauki wanda ya fi masa sauƙi da arha. Wannan magana tana da kyau a kan allo. To amma biyan kuɗi ba aikin mutum ɗaya ba ne. Katin mai saye ba ya da amfani sai mai sayarwa ya yarda ya karɓa, shi kuma mai sayarwa ba zai yarda ba sai ya tabbata wanda zai biya gobe shi ma zai karɓa. Sarƙa ce mai tsawo, kuma duk inda ta tsinke, wanda ke tsaye a daidai wurin shi zai biya kuɗin ɗinki. A ƙasar Garun Malam manomi ne ke tsaye a wurin.

Ga yadda abin yake. Kuɗin manomin rani a dunƙule yake shigowa, amma a warwatse yake fita. Falken da ya zo daga Kudu ba ya son bin doguwar hanya da jakar kuɗi, kuma yana da gaskiya, saboda haka sai ya tura wa dillali ko manomi kuɗin kaya gaba ɗaya ta banki. Shi kuwa manomi da ya koma gona akwai masu jiransa: 'yan ƙodagon da suka yini suna tsinkar tumatir, da masu dako, da mai kurar da ya fito da kaya bakin titi, da mai saƙa kwando, da yaron da ya kwana yana ban ruwa, da mai abincin da ta ciyar da ma'aikata. Kowannensu 'yan dubbai ko 'yan ɗaruruwa yake bi, kuma da yamma yake son abinsa a hannu domin cefanen gida. Da yawa daga cikinsu 'yan cirani ne, ba su da asusun banki, wasu ko wayar ba su da ita. Ba yadda manomi zai yi sai ya nufi mai POS, ya miƙa kati, a cire lada, a ba shi saura. Wato kuɗin da ya riga ya zama nasa, guminsa na wata uku ko huɗu, sai ya sake sa kuɗi ya fanshe shi.

Kada a raina wannan lada. Abin da aka saba karɓa a wurare da dama shi ne naira 100 a kan kowace naira 5,000, ko da yake akan yi rangwame in kuɗin ya yi yawa, akan kuma ƙara in tsaba ta yi wuya. Naira 100 a kan 5,000 kashi biyu ne cikin ɗari. Mu ɗauka manomi ya sayar da kaya na naira 500,000, kuma ya riƙa cirowa kaɗan kaɗan bisa wannan ma'auni gwargwadon bukatar kowace rana: naira 10,000 ke nan ta tafi, ba taki ya saya da ita ba, ba iri ba. Ban da wannan akwai harajin naira 50 da dokar kuɗi ta 2020 ta ɗora a kan duk kuɗin da aka tura daga naira 10,000 zuwa sama, wanda a watan Disamba na 2024 aka faɗaɗa shi ya haɗa da kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay. Naira 50 ɗin nan ita ce a kan wanda ya tura dubu goma, ita ce kuma a kan wanda ya tura miliyan goma. Ko ɗan aji ɗaya ya san wanda nauyin ya fi dannewa. Haka nan daga 1 ga Maris 2025 Babban Banki ya sa naira 100 a kan kowace 20,000 da mutum ya ciro daga na'urar bankin da ba nasa ba. Mutumin ƙauye kuwa bai cika samun wannan na'ura kusa ba ma, balle ya zaɓi ta bankinsa.

Ba ma ɗora laifi a kan samarin POS, domin da yawansu 'yan'uwanmu ne, wasu ma da takardun digiri a aljihu. Su ma sayen tsabar suke yi. Wani sai ya hau mota ya shiga birni ya yi layi, wani ya kulla da gidan mai ko babban kanti a ba shi cinikin yini a kan wani lada, sa'an nan ya zauna da kuɗin mutane a fili, ba mai gadi. Aikin da bankuna suka ƙi yi, na kai kuɗi ƙauye, shi suka ɗauka, kuma ba mai yin aiki a banza. Abin takaici kawai shi ne naira, wadda gwamnati ta buga don a sayi kaya da ita, ta koma ita kanta haja, tana da sari tana da kiri.

Kada kuma wani ya zaci muna yi wa tsabar kuɗi kirari ne. Tsaba ma tana da nata haraji, sai dai ba a rubuta shi a rasit. Akwai ɗan fashi a hanya, akwai jabu, akwai yagaggiyar takardar da mai shago zai ƙi karɓa, akwai rigimar canji, akwai gobara da gara. Sa'an nan ga nauyi. Takarda mafi girma da muke da ita, ta naira 1,000, an fito da ita ne a watan Oktoba na 2005, lokacin da dalar Amurka take wajen naira 130. A 2024 dala ta haura naira 1,500, wato babbar takardarmu ba ta kai dala guda ba. Miliyan ɗaya bandir goma ne cif, kuma miliyan ɗaya ba ta cika mota da tumatir. Kakanninmu sun san irin wannan wahala. Lokacin da Bature Barth ya shigo Kano a 1851 da wuri ake ciniki, ana ɗinke dubu ashirin cikin keso guda, har ƙirga kuɗi ya zama aiki mai cin yini. Da kuɗin ƙarfe ya wadatu, sule da sisi da anini suka kore wuri, domin kowa ya ga sun fi sauƙin ɗauka. Falken da yau ya gwammace tura kuɗi ta waya irin wannan lissafi ya yi, kuma ba wanda ya sa masa bulala.

Wurin bulalar ne muke da ja. Tsarin rage amfani da tsaba ya faro a Legas a 2012 zamanin Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi yana Gwamnan Babban Banki, ya iso Kano a watan Yuli na 2013, kuma shekara da shekaru yana tafiya sannu a hankali. Sai ga shi ranar 26 ga Oktoba 2022 Gwamna Godwin Emefiele ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu 2023, daga baya aka ƙara kwana goma. Aka kwashe tsofaffi, sababbi ba su wadata ba. Kuɗin da ke yawo a hannun jama'a, wanda ya haura naira tiriliyan uku kafin sanarwar, ya faɗo ƙasa da tiriliyan ɗaya a watan Fabrairu. Wanda ya zaɓi wannan lokaci, ko dai bai san kalandar noman rani ba, ko bai damu da ita ba, domin Fabrairu tsakiyar kakar tumatir ce. Mai shinkafa a Kura yana iya jingine buhunsa a ɗaki ya jira. Tumatir ba ya jira. In ya nuna yau, kwana kaɗan ya rage masa. Manomin da ba shi da tsabar biyan masu tsinka, ga kuma mai saye yana cewa ya tura amma saƙo bai shigo ba, ba shi da bakin ciniki, abin da aka taya shi zai sallama. A makonnin nan ladan masu POS ya ninka ya sake ninkawa, mutane suka kwana a ƙofar bankuna, har sai da Kotun Ƙoli, bisa ƙarar da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka fara shigarwa, ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. A watan Nuwamba na shekarar ta cire wa'adin gaba ɗaya. Manyanmu sun ce sun ga irin wannan a watan Afrilu na 1984, da gwamnatin soja ta canja launin naira ta ba da kwanaki ƙalilan, kuma a wancan karon ma mutumin karkara ne ya fi jin jiki. Indiya ta gwada nata a Nuwamba 2016, ta soke manyan takardunta dare ɗaya, ƙananan 'yan kasuwa da manoma suka sha wuya. Ganin wannan ya isa ya zama gargaɗi, da akwai mai ji.

Gaskiya ne bayan wannan guguwa mutane da yawa sun buɗe asusu, har mai shayi da mai nama sun manna lambar asusunsu a jikin tebur. Jami'ai na nuna wannan a matsayin nasara. Amma akwai waɗanda lissafin bai taɓa shiga gidajensu ba. Matan Kura da kewaye masu turara shinkafa, da masu ƙuli-ƙuli da fura da dafa-duka, yawancinsu daga cikin gida suke sana'a, yara ke kai musu talla su komo da ciniki. Yarinya 'yar shekara goma tana iya riƙe naira 500 ta kawo canji daidai. Ba ta iya riƙe kati da lambar sirri. In kuma aka ce a tura ta asusun maigida ko na wani ɗan'uwa, to jarin da mace ta tara da adashi, wanda ita kaɗai ta san adadinsa, ya fita daga ƙarƙashin ikonta. Wanda ya san gidan Bahaushe ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ga kuma saƙonnin banki da Turanci suke zuwa, ga 'yan damfara masu tura saƙon ƙarya, ga kuɗin da akan cire bai isa ga mai shi ba, a ce mutum ya je birni ya cika takarda ya jira. Kuɗin motar zuwa Kano da dawowa wani lokaci ya fi abin da ake bi, sai mutum ya bar wa Allah.

A Kenya, inda M-Pesa ta faro a 2007, ba a janye takardar kuɗi daga hannun kowa ba. An baza wakilai ne har ƙauyuka, mutane suka ga in sun sa kuɗi a waya za su iya cire shi a duk lokacin da suka so, sai suka saki jiki. Mutum ba ya yarda ya ajiye dukiyarsa a ɗakin da bai tabbata ƙofarsa za ta buɗu ba. Mu kuwa a nan ƙofar ake ta ƙuntatawa: a watan Disamba na 2024 Babban Banki ya ƙayyade wa mai ciro kuɗi wurin wakili naira 100,000 a rana. Wataƙila wannan ya dace da ma'aikacin ofis mai jiran albashi. Manomin da ke da mutum ashirin a gona ranar tsinka, ga kuɗin kwanduna ga na mota, lissafinsa dabam ne.

Saboda haka muna kira ga Babban Bankin Nijeriya da ya ɗauki wadatar da tsaba a kasuwannin amfanin gona a matsayin wajibi a kan bankuna, musamman daga Janairu zuwa Afrilu, ya kuma sa a riƙa ba masu POS na karkara kuɗi kai tsaye, don su daina sayensa a bayan fage su ɗora wa manomi. Muna kira ga Majalisar Tarayya ta sake duba harajin naira 50, ta ɗaga iyakar da yake farawa, tun da naira 10,000 ta 2020 ba ita ce ta yau ba. Bankuna da kamfanonin da ke cin riba a ƙasar Hausa su riƙa aika saƙo da Hausa, su kuma buɗe wurin karɓar koke a Kura ko Kwanar Gafan. Gwamnatin Jihar Kano da ƙananan hukumomin Garun Malam da Kura da Bunkure suna da bakin da za su yi wannan magana, kuma kuɗin shiga da suke karɓa a waɗannan kasuwanni ya ɗora musu haƙƙin yin ta.

Mu ɗalibai ma akwai namu. Da yawanmu da kuɗin tumatir da albasa da shinkafar wannan yanki aka biya mana rajista. 'Yan sashen tattalin arziki da na aikin gona da ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, ga shi a ƙofar gida: a je Kwanar Gafan da Kadawa a lokacin kaka, a zauna da manoma da dillalai da masu POS, a rubuta nawa ake cirewa a kan kowace dubu, sau nawa saƙo ke makalewa a yini, awa nawa mota ke tsaye da kaya ana jiran kuɗi ya shigo. Duk wanda ya kawo mana irin waɗannan alƙaluma, tare da bayanin yadda ya tattara su, wannan mujalla za ta ba shi fili a fitowa ta gaba.