Ruwan Taurarin Bazara: Darasin Kimiyya da Makarantu Ke Bari Ya Wuce

Kowace shekara, daga wajen 16 zuwa 25 ga Afrilu, duniya tana ratsa wani fegi na sararin samaniya mai cike da ƙura da ƙananan tsakuwoyi. Wani tauraro mai wutsiya ne ya zubar da su a hanyarsa. Ana kiransa Thatcher, sunan mutumin da ya fara hango shi daga New York a 1861. Sai ya yi kusan shekara 415 kafin ya kewaye rana sau ɗaya, don haka cikin masu rai a yau babu wanda zai ga dawowarsa. Ɓurɓushinsa kuwa, duk mai ido yana iya gani.

Yawancin tsakuwoyin nan ba su fi ƙwayar gero ba. Suna afkawa cikin iskar duniya da gudun kilomita 49 a daƙiƙa ɗaya, su ƙone tun suna can sama, nisan kilomita 80 zuwa 100. Wannan ƙonewa ita ce hasken da ke gilmawa, mutane su ce tauraro ya faɗi. Masana suna kiran wannan ruwan taurari Lyrid, kuma ya fi yawa a daren 22 zuwa 23 ga wata. Mutanen Sin sun rubuta labarinsa tun shekara ta 687 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam.

Mako biyu bayan haka, wajen 5 da 6 ga Mayu, sai wani ya biyo baya mai suna Eta Aquariid. Shi kuma ƙurar tauraro mai wutsiya Halley ce, wanda aka gani a 1986, ake kuma jiran sa a 2061. Mutumin Kano ko Damagaram ya fi mutumin Landan morewa da wannan, domin a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya wurin fitowarsa yana hawa sama sosai kafin gari ya waye.

Abin takaicin shi ne, duk wannan yana faruwa a lokacin da zafin bazara ya kori jama'a daga ɗakuna, ana kwance a tsakar gida, amma da wuya a sami makarantar da ta ɗauke shi darasi. Malaman kimiyya sun daɗe suna kuka da rashin kayan gwaji, kuma kukansu gaskiya ne. Wannan darasi dai ba ya bukatar na'urar hangen nesa, ba ya bukatar janareto. Tabarma yake so, da fili mai duhu, da haƙurin minti 20 zuwa 30 ba tare da duba waya ba har ido ya saba. Lokacin da ya fi kyau shi ne awa biyu kafin kiran assalatu, kuma ɗaliban makarantun kwana dama da asuba suke tashi.

Akwai cikas, ba a musu. Farin wata yakan disashe hasken, ƙura ko hadarin farkon damina sukan rufe sama, kuma inda tsaro ya taɓarɓare bai kamata kowa ya fita daji da dare ba. Filin ƙwallon makaranta ya wadatar. Ya kamata kuma malami ya faɗa wa yara gaskiya: a dare mai kyau, Lyrid 10 zuwa 20 ake gani a awa ɗaya, ko da yake a 1982 sun kai kusan 90.

Tambayoyin da yara za su yi su ne ribar fitar. Wani zai ce, ba zai faɗo mana a ka ba? Nan malami zai bambanta ƙurar da ke ƙonewa a sama da dutse irin wanda ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina a 1962, mai nauyin kusan kilo 18, wanda bincike ya nuna daga duniyar Mars ya fito.

Shugabannin makarantu su sa ranakun nan biyu a jadawalinsu. Idan hutu ya ci na Afrilu, na Mayu yana nan. A raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya fuskanci kusurwa ɗaya, su ƙirga abin da suka gani duk minti 15, su rubuta a littafi, baɗi a kwatanta da na bana.