Adireshi ba kwado ba ne: magana kan shafukan ajiyar fayil na ɗan lokaci

Jama'a, in fayil ya yi wa WhatsApp nauyi, ko ana gudun ya cika waya, me ake yi? A ɗora shi a WeTransfer ko wani shafi irinsa, a tura adireshin saukewa, bayan 'yan kwanaki ya goge kansa. Haka kofen katin ɗan ƙasa, diploma da jerin albashin ma'aikata ke yawo tsakanin Maraɗi da Yamai. To, duk wanda adireshin ya faɗa hannunsa, shi ma ya samu. A watan Yunin 2019 WeTransfer da kanta ta amsa cewa ta aika wa waɗanda ba su ba adireshin fayilolin mutane.

Ƙofar ɗorawa ta fi ma haɗari. Mozilla ta buɗe Firefox Send a 2019, kowa na iya ɗorawa ba tare da an san ko wane ne ba. 'Yan damfara suka maida shi rumbun raba manhajojin cuta, a 2020 aka rufe shi gaba ɗaya.

Ni a ganina, duk ƙungiya ko biro da ke da nata shafin ajiya ta bar dogara ga kalmar sirri, ta koma ga shaidar na'ura, wadda masana ke kira sartifika. Kun san ɗan kwadon nan da ke fitowa gefen adireshi? Shafin ne ke nuna maka shaidarsa. A wannan tsari kai ma sai ka nuna taka. Ana ƙera mabuɗi biyu: na sirri ya zauna cikin kwamfutarka ko wayarka, ba ya fita, ɗayan kuwa shugaban sashen na'ura ya sa masa hannu. In na'urarka ba ta tabbatar tana riƙe da na sirrin ba, ko fuskar shafin ba za ka gani ba. Kalmar sirri ana faɗa wa aboki a waya, ana rubuta ta a bangon biro, shafin bogi na iya yaudararka ka buga masa ita. Wannan mabuɗi kuwa babu abin da za ka buga balle a sace. Estoniya tun 2002 katin ɗan ƙasarta da irin wannan shaida yake aiki.

Amma fa kar a ɗora wa kowa. Mai karɓar fayil a siber, ko mai aron wayar ƙanensa, ina zai sa sartifika? Kuma in an sace waya, dole akwai wanda zai soke shaidarta ranar nan, ba sai bayan sati ba. In babu mai wannan aiki, ɓarawo ya gaji mabuɗi.

Don haka a raba ƙofofin: masu ɗorawa, mutum biyar ko goma na gida, a ba kowa shaidarsa mai wa'adin shekara guda. Masu saukewa kuma a ba su adireshi mai mutuwa bayan saukewa ɗaya ko awa 24.