Digiri a Teburin Ciniki: Me Ya Sa Ya Kamata Mu Yi Hattara

A ƙarshen shekarar 2023, wani wakilin jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samo takardar digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin makonni shida, ba tare da ya zauna a aji ba. Cikin 'yan kwanaki, a watan Janairun 2024, gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Ta yi hakan ba tare da neman iznin kowa ba. Wannan ikon shi ne abin da nake ganin bai kamata a kai shi teburin ciniki ba.

Tun daga 1995, lokacin da aka kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, akwai yarjejeniyar GATS wadda ta shafi cinikin ayyukan hidima. Ta lissafa ilimi cikin sassa 12, tare da banki da sufuri da yawon buɗe ido. A wurinta, ilimi na ƙetare iyaka ta hanyoyi huɗu: karatu ta intanet, ɗalibi ya tafi waje, jami'ar waje ta buɗe reshe kamar yadda Lancaster ta yi a Ghana, ko malami ya je wata ƙasa koyarwa na ɗan lokaci.

Masu goyon baya suna da hujja. Kusan ɗalibai miliyan biyu ke rubuta jarrabawar JAMB a shekara, gurabe kuma ba sa isa. Yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye watanni takwas. Idan jami'o'in waje za su kawo gurabe da inganci, me zai hana?

Babu abin da zai hana. Ƙasa tana iya buɗe musu ƙofa da dokarta, ta kuma gyara dokar idan ta ga ɓarna. Matsalar ita ce ɗaure kai da alkawarin ciniki. Yarjejeniyar ta keɓe ayyukan da gwamnati ke yi, amma da sharaɗin ba a yinsu don kasuwanci, ba kuma a gogayya da wani. Najeriya ta fara ba jami'o'i masu zaman kansu lasisi a 1999, na gwamnati kuma suna karɓar kuɗi daga ɗalibai. Da wuya su fake da wannan keɓewar.

Sannan ƙasar da ta yi alkawarin daidaita baƙo da ɗan gida, in ba ta rubuta togaciya a sarari ba, ana iya tuhumarta kan tallafin da take bai wa nata kaɗai. A nan sai mu tuna TETFund, asusun da ke gina ɗakunan karatu a makarantun gwamnati zalla. Janye alkawari kuwa sai bayan shekara uku, kuma sai an sasanta da ƙasashen da abin ya shafa kan diyya.

Kasuwa tana bin riba. Mai zuba jari zai buɗe kwas ɗin harkokin kasuwanci a Legas ko Abuja. Horar da malaman firamare da binciken cututtukan gero sai su rage wa jami'ar gwamnati. Irin wannan fargaba ce ta sa Ƙungiyar Jami'o'in Afirka ta fitar da sanarwar Akara a 2004, inda ta ja hankalin gwamnatoci su yi taka-tsantsan. Ko yarjejeniyar ciniki ta Afirka, AfCFTA, ba ta sa ilimi cikin sassa biyar da ta fara da su ba.

Akwai wata hanyar. Yarjejeniyar Addis Ababa ta 2014 da ta UNESCO ta 2019 sun tsara yadda ƙasashe za su amince da takardun juna, bisa ingancin karatu. Can ya kamata wakilanmu su dage, hukumar NUC kuma a ƙarfafa ta. Ranar da wata Kwatano ta sake ɓullowa, muna bukatar gwamnati da hannunta a sake.